Gashi da Dutse Mai Zafi: Iyakar Amfaninsa da Mafarin Haɗarinsa

Wani dare cikin hunturu, shekarun baya, bayan an gama yankan shinkafa a fadamun da ke gefen Gulbin Zamfara, na sauka gidan kawuna a ƙasar Kebbe na tarar da shi kwance rub-da-ciki a kan tabarma, yana nishi saboda ciwon baya. Kakata tana zaune a bakin murhu. Sai na ga ta sa itace ta tono ɗan dutsen niƙa daga cikin toka mai zafi, ta naɗe shi da tsohon zane ninki huɗu, ta ɗora a damtsenta ta ɗan jira, sa'an nan ta shafa wa kawu man kaɗanya ta shiga danna masa dutsen a gefe da gefen ƙashin baya, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Da na tambaye ta abin da dutse zai yi wa ciwo, sai ta dube ni ta ce, "Kai maigidan, boko bai gaya muku ba? Sanyi na ya shige mai, wuta kuwa ita ka fidda sanyi." Da gari ya waye kawu ya tashi ya tafi masussuka. Bayan kwana uku ciwon ya dawo, aka sake tono dutse.

Abin da ya tuno mini da wannan dare shi ne wata talla da wani ɗalibi ya nuna mini a wayarsa. Hoton mutum ne kwance a kan gado mai farin zanen shimfiɗa, an jera masa baƙaƙen duwatsu masu santsi a gadon baya, a ƙasa kuma an rubuta cewa tausa da dutse mai zafi tana fitar da guba daga jiki, tana maganin hawan jini, tana wanke jini, har ma tana gyara haihuwa. Irin waɗannan gidajen tausa sun samu shiga a manyan otal-otal na Abuja da Ikko, tallarsu kuwa tana isa duk inda wayar hannu ta isa, har Dogon Daji da Jabo da Kuchi. Ɗalibin nan yana son ya ji ko sabon ilmi ne ya zo mana daga Turai. Na ce masa kakata ta riga su, kuma ta fi su gaskiya, domin ita ba ta taɓa cewa dutsenta yana maganin hawan jini ba.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, gashi da tausa suna da amfani na haƙiƙa wanda kimiyya ta tabbatar, amma amfanin ƙarami ne kuma na ɗan lokaci, sa'an nan daga zafin yake fitowa da hannun mai dannawa, dutsen kansa ɗan aike ne kawai. Wanda ya raina gashi saboda na ƙauye ne ya yi kuskure. Wanda kuma ya ɗauke shi maganin kowace cuta, ko a zauren Sanyinna yake ko a otal ɗin Abuja, kuskurensa ya fi muni, domin nasa yana iya kai mutum kushewa.

Asalin abin da ake talla

Amfani da dutse mai zafi tsohon abu ne a duniya. 'Yan asalin Amurka ta Arewa sun daɗe suna gasa duwatsu su shigar da su bukka, su zuba musu ruwa domin su yi gumi, haka kuma mutanen Finlan suke yi a ɗakunan surace nasu. Amma salon da ake tallatawa a yau, na jera duwatsu a baya da murza tsoka da su, an fi danganta yaɗuwarsa da wata mai sana'ar tausa, Mary Nelson, ta birnin Tucson a Jihar Arizona ta Amurka, wadda ta fito da shi a 1993 ta sa masa suna LaStone. Dutsen da suke amfani da shi ana kiransa basalti, wato baƙin dutsen da yake samuwa idan narkakken dutse ya fito daga tsauni mai aman wuta ya sandare. Sukan zaɓi wanda ruwan kogi ya goge ya yi sumul, su dumama shi a cikin ruwa zuwa wajen digiri 50 ko 55 a ma'aunin santigired.

A Nijeriya ana samun basalti a tsaunukan Jos da na Biyu. Ƙasarmu ta Sakkwato kuwa, mafi yawanta tana zaune ne a kan duwatsun da suka samu daga taruwar yashi da laka da ɓawon halittun ruwa, tun zamanin da teku ya malale wannan yanki. Shi ya sa muke da dutsen yashi da yumɓu da farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina, ga kuma marmara a kan tuddai. Wannan bayani yana da amfani ga mai son gwadawa a gida. Dutsen yashi yana da ƙananan ƙofofi masu shan ruwa, idan aka tsamo shi daga gulbi aka jefa cikin wuta, ruwan da ke cikinsa zai zama tururi, tururi kuwa yana neman wurin da ya ninka na ruwa kusan sau 1,700. In bai samu mafita ba sai dutsen ya fashe, ɓarɓashinsa ya yi tsalle, idon da ke kusa shi ne zai biya. Kakata ba ta san wannan lissafi ba, amma busasshen ɗan dutsen niƙa take ɗauka, kuma a toka take binne shi, ba ta jefa shi cikin harshen wuta.

Masu talla sukan ce basalti yana riƙe zafi fiye da kome. A nan sai mu koma ajin fizik. Domin a ɗaga zafin kilo 1 na basalti da digiri 1, ana bukatar kimanin jul 840 na makamashi. Kilo 1 na ruwa kuwa yana bukatar kimanin jul 4,180. To, idan dutse mai nauyin kilo 1 ya huce daga digiri 55 zuwa 40, zafin da zai bayar bai kai kilojul 13 ba, alhali lita 1 ta ruwa za ta ba da kusan kilojul 63. Ashe ke nan gorar ruwan zafi da aka naɗe da tawul ta ninka dutsen wajen ajiyar zafi kusan sau biyar, in an auna su da nauyi ɗaya. Fifikon dutse a wani wuri yake: busasshe ne, yana da nauyi, yana da santsi, ana iya murza tsoka da shi yadda ba za a iya da gora ba. Jakar yashi ko ta gero da aka dumama ita ma tana aikin, har ta fi dutse bin lanƙwasar jiki.

Abin da zafi yake yi a cikin jiki

Idan abu mai ɗumi ya taɓa fata, ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashinta sukan buɗe, jini ya ƙaru a wurin, shi ya sa wurin yake yin ja ga mai hasken fata. Tsokar da ta ɗaure saboda gajiya ko ciwo takan ɗan saki, jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi kuma su ƙara laushi. Sai dai zafin da aka ɗora daga waje ba ya nutsawa da nisa. Da wuya ya wuce santimita 1 zuwa 2, domin kitsen da ke ƙarƙashin fata yana tare shi, jinin da ke gudana kuma yana kwashe shi ya rarraba. Don haka duk wanda ya ce dutsensa yana dumama ƙoda ko mahaifa, ya faɗi abin da ma'auni bai yarda da shi ba.

Yadda zafi yake rage raɗaɗi ya fi wannan ban sha'awa. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa saƙon ciwo ba ya wucewa kai tsaye daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya bi ta wata mashiga a cikin laka, kuma saƙonnin taɓawa da dannawa suna iya cunkushe wannan mashiga har na ciwo ya ragu. Kowa ya taɓa buge gwiwa ya sa hannu ya murza wurin ya yi aiki da wannan ilmi ba tare da ya sani ba. Daga baya, a 1997, David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano wani furotin a bakin jijiyoyin ji, mai suna TRPV1, wanda yake farkawa idan zafi ya kai wajen digiri 43. Shi ne kuma yake farkawa idan yajin barkono ya taɓa harshe, wato ga jijiya, tattasai mai yaji da garwashi harshe ɗaya suke yi. Wannan bincike ne ya sa aka ba Julius kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Abin lura ga mai gashi shi ne lambar nan ta 43. Ƙasa da ita jiki yana jin ɗumi mai daɗi, daga ita zuwa sama kuwa ƙararrawa ce jiki yake kaɗawa cewa an fara ɓarna.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da ma'aunin zafi. Manomin da ya yini sunkuye a gonar albasa, ya dawo ya kwanta, wani nasa ya zauna kusa da shi rabin sa'a yana danna masa baya yana yi masa sannu, hankalinsa zai kwanta, numfashinsa ya daidaita, barci ya zo. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Sau da yawa a asibitocinmu layi yakan yi tsawo har likita ya rubuta magani bai ɗora hannu a inda ke ciwo ba, majinyaci kuwa yana lura da haka.

To, me gwaje-gwaje suka nuna? Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta tace su, ta duba gwaji 9 da aka yi da mutum 1,117 a kan ɗora zafi ko sanyi ga ciwon baya, ta fitar da sakamako a 2006. Ta samu cewa ɗaura abin ɗumi a baya yana ɗan rage ciwon da bai daɗe ba, na ɗan lokaci, kuma in an haɗa da motsa jiki sauƙin yakan ƙaru. A 2015 ta duba gwaji 25 da mutum 3,096 a kan tausa, nan ma sauƙi na gajeren lokaci aka gani, kuma masu nazarin sun ce yawancin gwaje-gwajen ba su da ƙarfi. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta sa ɗumi da tausa cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga sabon ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi. Haka nan ɗumi yana taimaka wa mata a ciwon mara na lokacin al'ada, masu amosanin jini kuma ana ba su shawarar ɗora abin ɗumi a inda ciwo ya taso, tare da shan ruwa da yawa da maganin da likita ya rubuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a duniya a 2020. A ƙasar da ake noma da fartanya, ake daka a turmi, ake jan ruwa da guga, ake ɗaukar dami a ka, ba sai an gaya mana muna da kaso a ciki ba. Idan gashi zai rage wa manomi yawan ƙwayoyin kashe ciwo da yake saye a faranti a kasuwa yana haɗiya babu ƙa'ida, waɗanda wasunsu ke cin ciki su lalata ƙoda, to gashi ya yi aikin da ya cancanci yabo.

Iyakar abin ke nan. Batun fitar da guba kuwa, hanta da ƙoda ne suke wannan aiki dare da rana, gumi kusan duk ruwa ne da gishiri. Hawan jini yakan ɗan sauka lokacin da mutum yake kwance cikin ɗumi, saboda jijiyoyi sun buɗe, amma da ya tashi ya huce zai koma inda yake. Mai hawan jinin da ya ajiye maganinsa ya koma wa dutse yana gayyato shanyewar ɓarin jiki ne.

Inda wuta take cin mai ita

A 1947 Moritz da Henriques na Jami'ar Harvard suka auna dangantakar zafi da tsawon lokaci wajen ƙona fata, kuma har yau da ma'auninsu ake aiki. A digiri 44 sai abu ya yi kimanin sa'a 6 a kan fata kafin ya ƙona ta. A digiri 49 minti 10 ya isa. A digiri 60 kuwa cikin daƙiƙa 5 an gama. Mai karatu ya lura da yadda tazarar take rufewa da sauri. Dutsen da aka tono daga garwashi yana iya wuce digiri 100 nesa ba kusa ba, kuma ba ya canza launi balle ya yi gargaɗi. Ninkin zanen nan huɗu da gwajin damtse su ne duk abin da ya raba kawuna da tabo.

Gwajin yana aiki ne idan mai gashi da wanda ake gasawa duka suna ji. Mai ciwon suga da ya daɗe, jijiyoyin ƙafarsa sukan mutu, sai ya riƙa jin ƙafar ta yi sanyi ko ta yi nauyi. A fahimtarmu ta gargajiya wannan sanyi ne, maganinsa kuwa wuta. Sai a kawo dutse ko kasko, ƙafa ta ƙone bai ji ba, gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa, ƙarshenta a yi maganar yanke ƙafa. Haka abin yake ga wanda kuturta ta taɓa, kuma ma'aikatan asibitin Amanawa sun daɗe suna koya wa majinyatansu su yi hattara da wuta saboda wannan dalili. Haka ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da tsoho tukuf, da jariri, da mai farfaɗiya wanda ciwo zai iya kayar da shi a kan wuta.

Sabon targaɗe ko karaya ba sa son zafi a kwana biyun farko, domin jinin da zai ƙaru a wurin kumburi zai ƙara. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, tana ciwo a sha-raɓa, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe kwance, tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Murza irin wannan ƙafa yana iya ɓalle gudan ya tafi huhu, mutum ya faɗi nan take. Wannan ƙafa asibiti za a kai ta, ba a taɓa ta da tausa.

Amma haɗarin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Ciwon baya kashi mafi yawa na tsoka ne da gaɓoɓi, yakan tafi da kansa cikin makonni. Kaɗan daga ciki kuwa alama ce ta wani abu daban. Ƙwayar tarin fuka tana cin ƙashin baya a hankali har ya rushe ya danne laka. Ciwon ƙugu da zazzaɓi da zafin fitsari yana iya zama ƙoda ce ta kamu, balle a garuruwan bakin ruwa inda tsargiya ta zama kamar gado. Gashi zai ba irin waɗannan mutane sauƙin dare ɗaya, sauƙin nan kuwa shi ne tarkon, domin zai sa a ƙara mako, a ƙara wata. Duk ciwon bayan da ya zo da rama, ko gumin dare, ko zazzaɓi, ko ƙusumbi da ya fara fitowa, ko raunin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko wanda ya wuce mako shida bai sassauta ba, ya fi ƙarfin murhu. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe ta fi haka, na kuma san kuɗin mota ba ƙaramin abu ba ne ga talaka. Duk da haka kuɗin zuwa da ƙafafu ya fi sauƙi a kan kuɗin zuwa a kwance.

Jego

Ba za a yi maganar zafi da jikin Bahaushe a tsallake jego ba, domin a nan ne muka fi kowa nisa. Mai jego tana wanka safe da yamma da ruwa mai tsananin zafi, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata, har kwana arba'in ko fiye. Tana shan kunun kanwa. A wasu wurare kuma tana kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Manufar duka ɗaya ce da ta kakata, wato korar sanyi daga ɗanyen jiki.

A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa. Davidson da Parry sun ba da rahoton mata 224 a 1978, kuma sun ɗora zargi a kan waɗannan al'adu. Hujjarsu tana da ma'ana. Jinin da ke zuwa fata a lokacin hutu bai fi kwata na lita ba a minti ɗaya, amma cikin tsananin zafi yana iya kai lita 7 ko 8, zuciya ce kuwa za ta tura shi. Kanwa kuma cike take da sinadarin sodiyam, mai sa jiki ya tara ruwa. Zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin ciki wata tara, sai a ƙara mata waɗannan kaya biyu. An daɗe ana koyar da wannan bayani a makarantun likitanci kamar an rufe magana.

Ba a rufe ba. A 1992 Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan da ke da wannan ciwo. A 2007 Isezuo da Abubakar suka nuna cewa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ana samun ciwon sau 1 a cikin haihuwa 102, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. Sa'an nan babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya kwatanta masu ciwon da masu jegon da ba su da shi, bai samu cewa wankan zafi da kunun kanwa su ne suka raba su ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin ilmin zamani, da rashin sana'a, da hawan jini na lokacin ciki. Wato talauci da yunwa sun fi tukunyar wanka laifi.

Na dage a kan wannan tarihi saboda darasi ne gare mu 'yan jami'a. Mun yi shekaru muna nuna wa tsofaffinmu yatsa da bayanin da ya yi daidai da hankali, da aka zo aka ƙirga sai lissafi ya nuna wani wuri. Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ce an wanke wankan jego tas. Ruwan da ya kusa tafasa yana ƙona fata ko bincike ya ce me. Matar da zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, zafi da kanwa za su ƙara mata nauyi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, tana kuma kisa cikin barci. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, take tari da dare, bai kamata a ce sanyi ne a ƙara itace ba. Wannan zuciya ce take neman agaji, kuma akwai magani in an zo da wuri.

Ga jariri kuwa ba ni da sassauci. Gashin cibiya da tsumma ko tsingaro mai zafi yana haɗa haɗari biyu, ƙuna a fata mafi taushi da shigar ƙwayoyin cuta ta ɗanyen rauni. Tun 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba man kulohekzidin na shafa wa cibiya ta hannun ma'aikatan lafiya na unguwanni, ita ce kuma ta fara yin haka a Nijeriya. Inda wannan man ya samu, tsingaro ya gama aiki.

Abin da nake ganin ya dace

Hani ba zai yi aiki ba. Ma'aikacin lafiyar da ya tsaya a asibitin Kebbe ya ce wa dattijuwa gashi jahilci ne, za ta ce masa to, ta koma gida ta hura wuta, kuma daga ranar ba za ta sake gaya masa gaskiyar abin da ta yi ba. Ga shi kuwa ita ce take da rabin gaskiya. Abin da ya fi shi ne a karɓi al'adar a sa mata iyaka da kowa zai iya riƙewa: a dumama dutse a cikin ruwan zafi maimakon wuta, domin ruwa ba ya wuce digiri 100 kuma yana dumama dutsen bai ɗaya, a bar shi ya huce, a naɗe shi, mai gashi ya riƙe shi a cikin damtsensa ya ƙirga ashirin, in bai iya ba to bai isa ɗorawa ba, kada a wuce minti 20 a wuri ɗaya, kada a kwanta a kan dutse, kada a yi barci da shi, kada a danna kan ƙashin baya kansa ko cikin mai juna biyu. Ungozoma da wanzami da maɗori su ne suka fi kowa ganin waɗannan majinyata, kuma su ne ake jin maganarsu. Yini ɗaya da za a zauna da su a Tambuwal a nuna musu alamomin da ke cewa a tafi asibiti zai fi fastoci dubu amfani.

Masu gidajen tausa na birni kuma, ba na ƙin sana'arsu. Wanda yake da hali ya je ya huta, Allah ya sa albarka. Abin da nake nema a gare su shi ne su sayar da hutu da sunan hutu, su tambayi mai zuwa ko yana da suga ko ciwon zuciya ko ciki kafin su ɗora masa dutse, su kuma cire sunayen cututtuka daga tallarsu.

Sauran aikin namu ne a jami'a, kuma ba ya bukatar na'ura daga ƙasar waje. Ɗalibin fizik ko na aikin jinya ɗan asalin Tambuwal ko Kebbe, in ya tafi hutun hunturu da ma'aunin zafi a aljihu da littafin rubutu, zai iya neman izinin iyayensa mata ya auna ruwan wankan jego lokacin da aka sauke shi da lokacin da ya taɓa jiki, ya auna dutsen gashi kafin naɗewa da bayan naɗewa, ya rubuta minti nawa ake yi, ya ƙirga gida nawa ne aka taɓa samun ƙuna. Ɗalibai goma a garuruwa goma, daga Sanyinna zuwa Kuchi, za su dawo da alƙaluman da za a iya fassara su zuwa abin da kowace dattijuwa za ta gane, wato kwarya nawa ta ruwan sanyi za a sirka a tukunya ɗaya, da ninki nawa na zane ya kamata a yi wa dutse.